Daga Jaji Zuwa Malamar Asibiti: Tarihin Koyar da Mata Kiwon Lafiya a Ƙasar Gobir

Da shugabannin ƙungiyarmu suka nemi kowa ya kawo ɗan abin da ya samu game da tarihin ƙasarsu, sai na ga mafi yawanmu sun karkata wajen sarakuna da yaƙe-yaƙe da kirarin mazaje. Ni kuwa mutuniyar Turba ce, cikin ƙasar Isa, kuma in batun yaƙi ne ai ba a yi wa Bagobiri gori. Amma na zaɓi in yi magana a kan wani abu da ba a buga masa tambari, watau yadda ilmin kiwon lafiya ya riƙa ratsa zaure yana shiga cikin gida wurin mata, da kuma su wane ne suka ɗauko shi.

Rabin abin da zan faɗa daga littattafai na samo shi. Sauran rabin kuwa daga bakin kakata ne, wadda ta yi shekaru da dama tana ungozoma a Turba da ƙauyukan da ke kewaye. Da na gaya mata zan rubuta labarinta a mujallar jami'a sai ta yi dariya ta ce, "Ke kishiya, ni da nic cire miki cibiya, yau ke za ki ba mutane labarina?" Na ce mata ai ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kafin Zuwan Turawa

Tun zamanin da Alƙalawa ke babban birnin Gobir, mata suna da nasu shugabanci. Akwai Inna, wadda 'yar gidan sarauta ce, kuma ita ce uwar 'yan bori. Macen da ta rasa haihuwa, ko take yawan ɓari, ko 'ya'yanta ba su tsayawa, wajen 'yan bori take kai kukanta. Har yanzu harshenmu yana ɗauke da alamar wannan zamani, don kuwa cutar da ke shanye ƙafar yaro shan inna muke ce mata, ko da yake waccan Innar iska ce, ba mai sarautar ba.

Alƙalawa ta faɗi a hannun mayaƙan jihadi a 1808. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 wasu Gobirawa suka yi arewa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya kuma aka kafa Sabon Birni a bakin gulbin Rima. Waɗannan yaƙe-yaƙe sun bar ɗimbin mata a ƙauyuka, gwauraye da bayi da marayu, waɗanda Musulunci bai zauna musu sosai ba, kuma ba su da abin dogaro in ciwo ya zo sai borin da suka gada.

A nan ne Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi wata dabara wadda ni a ganina ba a ba ta haƙƙinta ba a tarihin kiwon lafiya. Ta san ba za ta iya zaga kowane ƙauye ba, ta kuma san matan aure ba za su bar gidajensu su zo wurinta ba. Sai ta riƙa zaɓen dattijuwa mai hankali daga kowane gari, ta naɗa ta jaji, ta ɗora mata malfa da jan rawani. Malfar nan kuwa irin wadda aka san Inna da ita ce, saboda haka duk Bagobirar da ta gani ta san mai ita shugaba ce. Jaji ta kan jagoranci tsofaffi da 'yan mata zuwa wurin Nana, su koyo karatu cikin waƙa, su komo su koya wa matan da ke cikin gida. Su ne 'Yan Taru. Abin da suke koyarwa addini ne, amma addinin ya haɗa da tsarki da tsabta da jiyyar marar lafiya da wankan gawa. Nana da kanta ta rubuta Tabshirul Ikhwan a 1839 kan neman waraka da ayoyin Alƙur'ani, ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya yi rubuce-rubuce kan magunguna. Bayan rasuwarta ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙon 'Yan Taru.

Kada mai karatu ya ce na mai da Nana malamar asibiti. Abin da nake so a riƙe shi ne hanyar da ta bi: mace ɗaya mai ilmi ta koya wa tsohuwa, tsohuwa ta shiga inda baƙo ba ya shiga.

Zamanin Disfensare

Turawa sun ci Sakkwato a 1903, kuma tsakanin 1906 da 1908 Ingila da Faransa suka kafa turakun iyaka, suka raba Gobir biyu, Tsibiri can, Sabon Birni da Isa nan. Abin da ya iso ƙauye na maganin Turawa shi ne ɗakin shan magani na En'e, da ɗan disfensa, da duba-gari. Dukansu maza ne. Duba-gari kuwa ba malami aka ɗauke shi ba, mai jawo tara aka ɗauke shi, in an hango shi sai a yi ta kifar da randuna. Ta yaya matar da ke cikin kulle za ta gaya wa namiji baƙo abin da ke damunta a mara? Ko mijinta ba ta gaya wa. In ciwo ya ci tura, masu hali su ɗauki marar lafiya su ƙetare iyaka zuwa asibitin mishan na Galmi, wanda aka buɗe a 1950.

Kakata ta ce abu na farko na asibiti da ya taɓa jikinta shi ne lambar agana, wadda aka fara bi gari gari ana yi daga 1967 da wata na'ura da suke kira bindiga. Agana ta ƙare a Nijeriya a 1970, wannan kuwa babban aiki ne. Amma an jera su ne an harba musu an wuce, ba wanda ya zauna ya gaya musu kome.

A cikin gida kuwa al'ada ce ke mulki. Mai cikin fari ta koma gidan iyayenta goyon ciki, kuma kunya ta hana ta ko da nishi in naƙuda ta zo. Sau da yawa mace ita kaɗai take haihuwa a ɗaki, sai jariri ya faɗo a kira ungozoma ta yanke cibiya, ta binne mabiyiya, ta yi wanka. Abin yankan kuwa ko tsohuwar aska ko ɓawon kara. In naƙuda ta yi tsawo sai a ce gishiri ne ya tare hanya, a yi yankan gishiri. Dakashi, watau nonon farko, a matse a zubar, wai ƙazanta ne. Sa'an nan mai jego ta shiga wankan tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana 40, ga kunun kanwa, ga gado mai wuta a ƙarƙashi.

Likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ne suka fara auna sakamakon waɗannan abubuwa. A shekarun 1970 Davidson da Parry sun nuna dangantakar ciwon zuciyar da ke kama masu jego a ƙasar Zazzau da yawan kanwa da zafin da ake gasa jiki da shi. Farfesa Kelsey Harrison kuma ya bi haihuwa 22,774 a Zariya tsakanin 1976 da 1979, ya tarar mutuwa ta fi yawa nesa ba kusa ba a cikin matan da ba su taɓa zuwa awo ba, waɗanda sai abu ya lalace ake kawo su. Watau dai ba rashin likita kaɗai ke kisa ba, har da rashin wanda zai ce wa mace da wuri, tashi mu tafi.

Zuwan Sista

A 1978 ƙasashen duniya suka taru a Alma Ata suka amince cewa kiwon lafiya daga tushe ya kamata ya fara. Kafin nan ma Nijeriya ta soma kafa makarantun horar da ma'aikatan lafiya na karkara a jihohi. Amma abin bai kankama ba sai da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, likitan yara, ya riƙe ma'aikatar lafiya daga 1985 zuwa 1992. Shi ne ya matsa a kan riga-kafi, da ruwan gishiri da sukari, da shayar da nono, da horar da ungozomomi.

A cikin wannan zamani ne wata malamar asibiti ta fara zuwa Turba daga Isa. Mutuniyar ƙasar Zuru ce, lokacin kuwa Zuru tana cikin Jihar Sakkwato, don ba a cire Kabi ba sai 1991. Kowa Sista yake ce mata. Ran da ta fara zuwa, mai gari ya sa aka yi shela mata su taru. Ba wadda ta fito sai tsofaffi 'yan ƙalilan, su ma kallo ya kawo su, wai su ga macen da ke yawo da farar riga iya gwiwa. Ta buɗe babbar takarda mai hoton cikin mace ta fara bayani, tsofaffin nan suka rufe fuska suka watse. Kakata ta ce, "Mun ɗauka ba ta da kunya. Ashe mu ta ka jin ma tausai."

Wata ma'aikaciyar da sai ta koma ta rubuta wa na gaba da ita cewa mutanen nan jahilai ne. Ita kuwa da ta komo, zane ta ɗauro da mayafi, ta bar takardar hoto a ofis, ta tambayi gidan ungozoma. Ta zauna a tabarmar kakata ta sha fura, ta ce ita ta zo koyo ne, a gaya mata yadda ake karɓar haihuwa a nan. Kakata ta yi ta zuba, ita tana saurare. Sai can ta tambaya, a cikin jariran da ake yanke wa cibiya, akwai waɗanda bayan kwana 7 ko 8 suke ƙin kama nono, bakinsu ya ɗaure, jikinsu ya sandare? Kakata ta ce akwai, har da nata ɗan na uku, kuma iska ce. Sista ba ta yi musu ba. Ta ce to, iskar nan ta kan aska take hawa, a gwada sabuwar reza daga cikin takardarta, da zare dafaffe, da wanke hannu da sabulu, kada kuma a shafa wa cibiya kome, a ga ko za ta sami hanya. Cutar da take nufi ita ce sarƙewar haƙora, wadda ƙwayarta ke zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi.

Mu 'yan ƙungiyar Hausa ya kamata mu tsaya a nan kaɗan. Matar nan Hausarta ba ta kai tamu ba, har gwalantu take yi, mata na kwaikwayonta in ta tafi. Amma ta gane abin da da yawa daga cikin masu fassarar yanzu ba su gane ba, cewa kalma ba ta da amfani in ba ta sauka a kan abin da mai ji ya riga ya sani ba. Alal misali, ba ta taɓa ce musu gudawa tana ƙarar da ruwan jiki ba. Cewa ta yi su dubi maɗigar yaro, wadda kowace uwa ta san tana faɗawa, su kuma dubi yakuwa ran da ba a yi mata ban ruwa ba. Daga nan ta nuna musu awon: kwalabe 2 na lemo cike da ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 1 na gishiri a shafe, da 10 na sukari ko ƙwaya 5 ta mai iyali. Ta sa kowace ta haɗa da hannunta, ta ɗanɗana, in ya fi hawaye gishiri a zubar a sake. Yanzu an fi amfani da ƙullin da ake sayarwa a shirye, amma har gobe kakata ba ta yarda da shi sai ta ɗanɗana.

Da tafiya ta miƙa, sai ya zama ungozomomin ne ke tara mata, ba sankira ba. Ranar suna, ko ranar wankan amarya, inda dama mata ke haɗuwa ba sai an nemi izini na musamman ba, nan Sista ke zuwa ta zauna bayan an ci tuwo. An kai kakata da wasu Isa aka yi musu horo na 'yan kwanaki, aka ba kowace ƙaramin akwatin ƙarfe mai sabulu da reza da zare da leda. Akwatin nan ya zama mata kamar malfar jaji. In ta ɗora shi a ka ta ratsa gari, maza na zaune a dakali sai su gaishe ta da girmamawa. Ban ce Sista ta san tarihin 'Yan Taru ba. Wataƙila ko sunan ba ta taɓa ji ba. Amma ƙasar ce ta tilasta mata bin hanyar da Nana ta bi shekara 150 kafin ita.

Ba a kome suka shirya ba. A kan dakashi kakata ta sauko, bayan an kai ruwa rana. A kan yankan gishiri ma ta bari, tun ran da Sista ta kai ta ta ga wata yarinya da mijinta ya sake ta saboda yoyon fitsari, ta kuma gaya mata cewa akwai likita, Kees Waaldijk, da ya fara ɗinke irin wannan lalura a Babbar Ruga ta Katsina tun 1984. Dokar da ta kafa musu ita ce, in naƙuda ta kwana ta wuni, ko jini ya ɓalle, ko mai ciki ta kumbura tana ciwon kai, ko ta fara jijjiga, to aikin ungozoma ya ƙare, sai neman mota. Amma wankan jego, nan kam kakata ta kafe. Ta ce macen da ba ta yi wanka ba ɗanya ce, sanyi zai ruɓar da ita. Iyakar abin da Sista ta samu shi ne a sirka ruwan, a rage kanwa. Ni kaina, da duk bokon nan nawa, ban san yadda za mu ƙare da ita ba in tawa ranar ta zo.

Bayan Tafiyarta

Sista ba ta daɗe ba aka yi mata canjin wurin aiki, kuma shekarun 1990 shekarun tsanani ne. Darajar naira ta faɗi, magani ya yi wuya, reza da sabulun akwati suka ƙare ba mai sakewa. Waɗansu ma'aikatan da suka biyo baya kuwa, gaskiya ɗaya ce, sun kori mata da bakinsu. Macen da ta yi tafiyar sa'o'i a amalanke, ta iso a daka mata tsawa a ce me ya zaunar da ita, ba za ta sake komowa ba, kuma za ta hana maƙwabciyarta. A 1996 sanƙarau ya yi ɓarna mai yawa a Arewa. A 2003 kuma jita-jita ta bazu cewa ɗigon shan inna na hana haihuwa, har wasu jihohi suka dakatar da shi. Abin lura shi ne, da aka rasa yadda za a yi, mata 'yan unguwa aka koma aka ɗauka su bi gida gida, kuma da taimakonsu aka kai ga ranar 25 ga Agusta 2020, da aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar.

A 2009 gwamnatin tarayya ta fara tura ungozomomin asibiti ƙauyuka, sai dai yawancinsu baƙi ne, ba su zama. Abin da ya fi taɓa mu shi ne na 2013, lokacin da Jihar Sakkwato, da taimakon wani shirin ƙasar Amurka mai suna TSHIP, ta shiga raba magunguna biyu har cikin ɗaki: ƙwayoyi 3 na misoprostol da mace za ta sha da zarar jariri ya faɗo don tsai da jini, da man chlorhexidine na shafa wa cibiya. An zaɓi mata 10 a kowace mazaɓa cikin mazaɓu 244 na jihar, ma'aikatan asibiti suka horar da su suna duba aikinsu. Gwaggona tana cikinsu. Ina 'yar shekara 11 nakan riƙe mata jaka, kuma na ga yadda take fara gai da uwar miji kafin ta ko dubi mai cikin. Kakata ta yi ta mita, wai Sista ta ce kada a shafa wa cibiya kome, yanzu kuma an zo da mai. Sai da aka yi mata bayani sau uku ta yarda, da sharaɗin ita za ta fara shafawa.

Shirin ya ƙare a 2015. Bayansa kuma sai ga abin da ya fi ƙarfin reza da sabulu. Daga 2019 'yan bindiga suka addabi gabashin Sakkwato, dubban mutane suka ƙetara zuwa ƙasar Maraɗi. A watan Mayu na 2020 an kashe mutane da dama a ƙauyukan Sabon Birni cikin yini guda. A 2021 aka katse layukan waya na wani lokaci, a watan Disamba na shekarar kuma aka ƙone matafiya cikin mota a ƙasar Sabon Birni. A 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannunsu. Inda sarki bai tsira ba, wace malamar asibiti ce za ta hau babur ta tafi ƙauye ranar suna? Dokar nan ta Sista, a nemi mota in naƙuda ta kwana ta wuni, ta zama magana mai ciwo, don ba direban da zai bi hanya da dare.

Mu mun baro Turba a 2021, muna zaune a wata unguwa a gefen Sakkwato tare da wasu 'yan ƙasarmu. Ran da muka fito, kakata ta bar tukwanenta da awakinta, amma ta ɗauko akwatin. Ya yi tsatsa, murfin ma da igiya ake ɗaure shi. A hutun da ya wuce, wajen ƙarfe 2 na dare, aka buga mana ƙofa, wata yarinya 'yar ƙasar Gatawa ce ke naƙudar fari. Kakata yanzu ba ta gani sosai, sai na riƙe mata hannu muka tafi. Ta wanke hannu, ta shafa cikin, ta tambayi tun yaushe aka fara. Aka ce tun jiya da hantsi. Ta juya wajen uwar mijin ta ce, "Hajiya, wagga ba tawa ba ce. A tashi mai Keke Napep." Uwar mijin ta fara cewa ai a gidansu ba a haihuwar fari a asibiti, kakata ta ce ita ma a gidansu haka ne, kuma ta binne ɗa.

Aka tafi da yarinyar, aka yi mata aiki, ta sami ɗiya mace. Ran suna kakata ta kira ni, ta kwance igiyar akwati, ta lalubo wani ɗan bututun man cibiya da ya rage tun zamanin gwaggo, ta ce in karanta mata ko yana da sauran kwana. Na duba na ce ya mutu tun 2016. Ta karɓa ta mayar cikin akwatin, ta ce in zan koma makaranta in tambayi 'yan ajin nas inda ake samun sabo.